Tura bidiyon cin zarafin yaro ba taimakonsa ba ne

Duk lokacin da bidiyon lalata da ƙaramin yaro ya ɓulla, sai a ga mutane suna ta tura shi zaurukan WhatsApp da Facebook, wai a yaɗa har a kama mai laifin. Niyyar mai kyau ce, domin takaici ne ke sa su. Amma doka ba ta ware mai kyakkyawar niyya ba.

A Najeriya, sashe na 23 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta haɗa irin wannan hoto, da rarraba shi, har da ajiye shi a waya ko kwamfuta, muddin wanda ke ciki bai kai shekara 18 ba. Ko da a wata al'ada ana ganin yarinya 'yar shekara 15 ta girma, a wannan sashe yarinya ce.

Ɗauki uban da ya tura bidiyon zauren unguwa don a gane fuskar mutumin. Wayoyi da yawa suna sauke bidiyo da kansu, don haka kwafi ɗaya ya zama ɗari, kuma fuskar yaron ce aka fi ganewa. Facebook kuwa yana da manhajar da ke gane hoton da aka taɓa kai ƙararsa. Ba ruwanta da dalilin turawa: a rufe shafin mutum, a miƙa rahoto ga cibiyar NCMEC ta Amurka mai kula da lamuran yaran da suka ɓace ko aka ci zarafinsu, wadda ke sanar da jami'an tsaron ƙasar da abin ya fito.

Wanda ya ci karo da shi kada ya tura, kada ya ɗauki hoton allo. Ya danna wurin kai ƙara a manhajar, ya rubuta lamba ko sunan shafin da ya turo, ya kai wa 'yan sanda ko NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya.