Mu nemi labarin 'yan ajinmu tun kafin su ajiye aiki

Assalamu alaikum, 'yan uwana da muka zauna a kan benci ɗaya a makarantun Garwa, Marwa da Ngaundare da ke Arewacin Kamaru a shekarun 1970 da 1980, da kuma ƙannenmu da ke biye da mu. Shekarun ajiye aiki sun cim mana, kuma na lura cewa da yawanmu mun san ranar da ɗan ajinmu ya samu ƙarin girma ko ya aurar da 'yarsa, amma ba mu san shekarar da zai bar ofis ba, ba mu san gidan da zai koma ba, balle mu san abin da iyalinsa za su ci idan albashi ya tsaya. Wannan sakaci ne babba, domin mutumin da ka sani tun yana ɗan shekara goma sha biyu yana da haƙƙi a kanka wanda abokin aikin da kuka haɗu da girma ba shi da shi.

Kafin mu ɗauka cewa kowa ya shirya, ya kamata mu tuna irin zamanin da muka yi aiki a cikinsa. Waɗanda suka ci jarrabawar bakaloreya ta gama sakandare a cikinmu sai da suka shiga jirgin ƙasa daga Ngaundare zuwa Yawunde, domin kafin 1993 a can kaɗai ake da cikakkiyar jami'a a duk faɗin Kamaru. Suna fitowa suka tarar da tattalin arzikin ƙasa ya durƙushe, gwamnati ta rage ɗaukar ma'aikata. Waɗanda Allah ya ba su aikin ma, an rage musu albashi sau biyu a cikin 1993, sannan a watan Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Shekarun da mutum ya kamata ya sayi fili ya aza tubali, a cikinsu yawancinmu suka yi ta fama da bashi da ɗawainiyar iyaye da ƙanne. Saboda haka kada babbar riga da motar ofis su ruɗe mu. Akwai ɗan ajinmu da ya yi shekara talatin ana yawo da shi daga Kusiri zuwa Mokolo, daga Mokolo zuwa Bertuwa, kuma har yau a gidan haya yake, ko a gidan gwamnati da za a karɓi makullinsa da zarar ya ajiye aiki.

Ba rana ɗaya za mu fita ba, ko da yake aji ɗaya muka yi. Dokar da shugaban ƙasa Paul Biya ya sa wa hannu a ranar 30 ga Disamba, 2020 ta sa ma'aikatan gwamnati na rukunin A da B, wato manyan ma'aikata, su ajiye aiki a shekara 60, na rukunin C da D, wato ƙananan ma'aikata, kuma a shekara 55. Ke nan a cikin mutum biyu da aka haifa a 1966, ɗaya zai fita a 2026, ɗayan kuwa ya riga ya fita tun da daɗewa, wataƙila ba tare da ko mutum ɗaya daga ajinsu ya ce masa sannu ba. Ƙari a kan haka, mu mutanen Arewa mun san yadda aka yi mana takardun haihuwa: an rubuta wa da yawanmu shekara da ƙiyasi lokacin da za a sa mu makaranta, an ƙara wa wani, an rage wa wani. Hukuma kuwa abin da ke kan takarda take bi. Ba za ka iya lissafa ranar fitar abokinka daga taka ba, dole ne ka buɗe baki ka tambaye shi.

Wani zai ce ai muna da zaure a WhatsApp, kullum muna gaisawa. Ban raina wannan zaure ba, domin ya haɗa mutanen da suka yi shekaru ba su ji muryar juna ba. Amma abin da ake zubawa a cikinsa shi ne barka da Juma'a, hoton walima da sanarwar rasuwa, kuma babu mai rubuta wa mutum sittin cewa wata biyar ke nan bai biya kuɗin haya ba. Wanda ya fi kowa buƙatar a neme shi sau da yawa shi ne wanda ya yi shiru, ko wanda ya fice daga zauren ranar da aka yanka kuɗin gudummawar da ba zai iya biya ba, ko wanda ba shi ma da babbar waya. Idan labarin farko da muka samu game da ɗan ajinmu a cikin shekara goma shi ne lokacin jana'izarsa, to addu'o'in da muke jerawa a ƙarƙashin hotonsa ba su sauke mana nauyin da muka ƙi ɗauka yana da rai ba.

Babban taimakon da za mu yi wa juna a wannan gaɓa shi ne na takardu, kuma a nan nake so mu daɗe. Wanda ya yi aiki a kamfani, ko a Sodecoton ne ko a Semry ta Yagwa ko a Camrail ko a wani ƙaramin wuri, fanshonsa daga asusun CNPS, hukumar fanshon ma'aikatan kamfanoni, zai fito. Sharaɗin samun fanshon tsufa a shekara 60 shi ne a ce an yi masa rajista tun shekara 20 da suka wuce, an kuma zuba masa kuɗi na wata 180, wato shekara 15, kuma 60 daga cikin watannin nan su kasance a shekaru goma na ƙarshe. Wanda bai cika wata 180 ba, kuɗi ne za a ba shi dunƙule sau ɗaya, shi ke nan. Abin tsoron shi ne mutum yana iya yin shekaru ana cire masa kuɗi a albashi, yana zaton ana kaiwa, alhali wani daga cikin waɗanda ya yi wa aiki bai taɓa zubawa ba. Wannan ya fi samun direbobi, masu gadi da malaman makarantu masu zaman kansu. Idan aka gano giɓin da sauran shekara uku ko huɗu, akwai damar bin sawu. Idan sai bayan an sallami mutum aka gano, sau da yawa wurin ma ya rufe. Duk wanda ya san wannan hanya a cikinmu, ya kama hannun ɗan ajinsa su je ofishin tare a fitar masa da lissafin watanninsa ya gani da idonsa.

Ma'aikacin gwamnati shi ma yana da nasa tarin takardun: ta ɗaukar aiki, ta kowane ƙarin girma, ta haihuwar yara, da sauransu, kuma tsakanin albashin ƙarshe da fanshon farko ana iya samun watanni babu ko sisi. Wanda ya riga ya bi wannan layi ya fito, ilimin da ke kansa amana ne, bai kamata ya riƙe ba. 'Yan ajinmu da ke zaune a Yawunde, musamman mazauna unguwar Birketiri, ku sani cewa ɗaki da tabarma da kuka ba abokin da ya zo bin takardunsa sun fi masa duk wata kyautar da za ku aika ranar biki.

Akwai takarda ɗaya da kunya take hana mu ambata, ita ce takardar aure ta ofishin magajin gari. Yawancinmu a masallaci ko a ƙofar gida aka ɗaura mana aure, kuma aure ne ingantacce a addini. Amma idan mutum ya rasu, hukumar da ke biyan fansho takardar hukuma za ta nema kafin ta ba matarsa ko matansa kasonsu. An sha ganin matar da ta yi shekara talatin a gidan ma'aikaci ta tashi babu komai saboda rashin wannan takarda. Ɗa ba zai iya ce wa mahaifinsa ya je ya yi ta ba, matar ma takan ji nauyi, domin kamar tana kira masa mutuwa ne. Abokin yarinta ne kaɗai zai iya faɗa masa kai tsaye ya kuma saurara.

Kada kuma mu manta cewa masu lambar albashi su ne 'yan kaɗan a cikin ajin. Mafi yawa sun tsaya a CEPE, shaidar gama firamare, ko BEPC, shaidar gama ƙaramar sakandare, suka shiga kasuwa, ɗinki, fawa, tuƙin mota ko noma, 'yan mata da dama kuma aka cire su aka yi musu aure. Su babu wanda zai rubuta musu takardar ritaya. Ranar da gwiwa ta ƙi, ko ido ya yi yana, ko hawan jini ya kwantar da mutum, ranar ce aikinsa ya ƙare, kuma babu fanshon da ke jiransa. Ba daidai ba ne a kira taron tsofaffin ɗalibai a babban otal, a jera manya a gaba da laƙabinsu, a bar tela a bakin ƙofa yana jin kamar ya zo roƙo. A aji babu mai laƙabi, kowa da sunan da uwarsa ta raɗa masa malam yake kiransa, kuma haka ya kamata taronmu ya kasance. Su ma suna da abin ba mu. Ma'aikacin da ya karɓi 'yan kuɗinsa yakan faɗa hannun masu daɗin baki, ya zuba su a sana'ar da bai san kanta ba. Ɗan ajinsa da ya yi shekara arba'in a babbar kasuwar Garwa shi zai gaya masa lokacin sayen albasa da yadda take ruɓewa a ajiya, da abin da ke cikin kiwon shanu ko noman masakwa na riba da na asara.

Yadda ake tambaya shi ne rabin aikin. Dattijo ba ya son a tona masa asiri, saboda haka ba a gaban jama'a ake tambayarsa halin da yake ciki ba, ba kuma a rubuce ba. Zumunci a ƙafa yake: ka je gidansa bayan la'asar, ku zauna, ka fara faɗa masa naka halin, shekarar da za ka fita da abin da ke damunka, sai shi ma ya samu ƙofar buɗe nasa. Abin da ya gaya maka ya tsaya tsakaninku, sai dai idan shi ya yarda a sanar da wani. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya lissafa gaida marar lafiya a cikin haƙƙoƙin Musulmi a kan ɗan uwansa tare da rakiyar gawa, amma mu mun riƙe na biyun da kyau mun yi wasa da na farkon. Ajinmu kuma ba na Hausawa da Fulani kaɗai ba ne. Mun zauna da Tupuri, Masa, Mafa, Kotoko, Gbaya da 'ya'yan ma'aikata daga Kudu, Musulmi da Kirista, kuma tsufa da jiran fansho ba su bambanta su da mu ba. 'Yan ajinmu mata kuwa, a bi ta hanyar da ta dace, ta hannun matanmu ko da sanin mazajensu, a kuma sa ido musamman a kan waɗanda mazajensu suka rasu.

Ga waɗanda Allah ya ɗaukaka a cikinmu, ku ji wannan da kyau. Mutanen da ke cika ƙofar ofishinku kujerar suke gaisarwa, kuma wata ɗaya bayan kun miƙa makulli za ku ga wayar ta daina ƙara. Idan kun daɗe ba ku amsa kiran 'yan ajinku ba, ku nemi gidajensu yanzu da kuke da ikon amfanar da su. Mu kuma, idan wanda ya juya mana baya ya dawo, mu karɓe shi, domin kaɗaici bayan mulki yana kwantar da mutum da wuri, kuma ramuwa a wannan shekaru ba ta ƙara wa kowa komai.

Idan za a kafa asusu, a yanka abin da mafi ƙarancin hali zai iya biya, a rubuta shiga da fita, mutum biyu su riƙe, a kuma amince tun farko cewa kuɗin na magani ne da na riƙe gidan wanda fanshonsa bai fara fitowa ba, ba na anko da walima ba. A raba sunayen ajin tsakanin masu ƙarfi a jika, kowa ya ɗauki mutum uku ko huɗu da zai riƙa leƙawa, a fara da waɗanda aka daɗe ba a ji ɗuriyarsu ba.

Ku kuma ƙannenmu da ke tsakanin shekara talatin da arba'in, tun 2014 CNPS ta buɗe ƙofar inshorar sa kai ga 'yan kasuwa, manoma da masu sana'ar hannu. Mu yawancinmu lokaci ya ƙure mana, domin shekara ashirin ta rajista ba ta samuwa ga mai shekara hamsin da takwas, amma ku tana gabanku. Ku je ku yi rajista, ku ja 'yan ajinku da ke kasuwa da tasha su ma su yi, ku kuma rubuta sunayen ajinku da unguwar da kowa yake tun yanzu da kuna iya tuna su duka.