Akawun da littafinsa ya taka wa firaminista birki

A ranar 18 ga Maris, 2019, kakakin majalisar wakilan Birtaniya, John Bercow, ya miƙe ya shaida wa gwamnatin Firaminista Theresa May cewa ba za ta sake kawo yarjejeniyar ficewa daga Tarayyar Turai a kaɗa mata ƙuri'a karo na uku ba, muddin ba a sauya mata wani abu mai ƙwari ba. An riga an kayar da ita sau biyu, da ratar ƙuri'a 230 a Janairu, da 149 a Maris. Hujjarsa wata al'ada ce da ta samo asali tun 1604, wadda ta ce abin da majalisa ta yanke hukunci a kansa ba a dawo da shi a zango guda. Inda ya karanto ta kuwa, wani littafi ne da 'yan majalisar ke kira da sunan marubucinsa kawai, Erskine May. Ba dangin firaministar ba ne, suna ne ya zo ɗaya.

Thomas Erskine May bai taɓa zama ɗan majalisar wakilai ba. An haife shi a 1815, yana ɗan shekara 16 ya samu aikin mataimaki a ɗakin karatun majalisar. Can ya girma cikin ƙurar kundayen zaman majalisa, yana bin diddigin yadda aka warware kowace taƙaddama. A 1844, kafin ya cika talatin, ya fitar da littafinsa kan dokoki da alfarma da tsarin zaman majalisa. Ya zama akawun majalisar a 1871, ya riƙe kujerar har 1886. A shekarar aka ba shi sarautar Baron Farnborough, amma mako ɗaya kacal ya yi da ita ya rasu. Ya rubuta tarihin tsarin mulkin Ingila ma, sai dai yau ba kasafai ake tuna shi da wannan ba.

A ganina, ƙarfin littafin yana cikin rashin girman kansa. May bai zauna ya tsara yadda ya kamata majalisa ta kasance ba, abin da aka yi ya rubuta, da ranar da aka yi shi, da hukuncin da kakaki ya yanke. Akawunan da suka gaje shi suka ci gaba da ƙari a kai har bugu na 25 a 2019. Masu rinjaye ba su cika buƙatar irin wannan littafi ba, yawansu ya ishe su. Ɗan adawa, ko ɗan majalisar da ke kujerar baya, shi ne wanda ba shi da makami sai ya ɗaga shafi ya ce ga yadda aka saba.

Akwai abin suka, kuma ba ƙarami ba ne. Littafin ba doka ba ne, kuma wanda ke kan kujera shi ke zaɓen misalin da zai ɗauko. Bercow ɗin nan da ya kafe kan al'adar 1604, a watan Janairun 2019 ya ƙyale a yi wa wani ƙudirin gwamnati gyaran da mutane da yawa suka ɗauka al'ada ta hana. Duk da haka, an iya yi masa ca ne saboda akwai rubutaccen abin da za a auna shi da shi.

Nan ne nake hango tamu majalisar ta Najeriya, wadda ta gaji sandar girma da kujerar kakaki da ofishin akawu daga Ingila. A Maris 2025 majalisun tarayya biyu suka amince da dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas ta hanyar ƙuri'ar murya, alhali tsarin mulki ya nemi kashi biyu cikin uku na mambobi. Ta yaya kunne ke ƙirga kashi biyu cikin uku? Aka buga guduma, aka wuce.

Shi ma littafin May ya daɗe yana hannun masu kuɗi, don kwafi ɗaya yakan kai ɗaruruwan fam. Sai a Yulin 2019 majalisar ta sa shi a intanet kyauta, watanni kaɗan bayan jama'a sun ji kakaki yana karanto shi, suka fara tambayar inda za su gan shi da idonsu.