Sarakunan Plantagenet ba su san kansu da wannan suna ba

Da yawa suna ɗauka cewa tun daga Henry na Biyu, wanda ya hau gadon sarautar Ingila a 1154, ana kiran sarakunan gidan da sunan Plantagenet. Ba haka ba ne. Laƙabi ne na mutum ɗaya, Geoffrey, mai mulkin Anjou a Faransa, mahaifin Henry. Ana cewa ya samo shi ne daga reshen wani tsiro mai fure ruwan ɗorawa da yake sokawa a hularsa. Ɗansa bai gaji laƙabin ba, balle jikoki. Sunan yanka da sarauta sun ishe su.

Sai wajen 1460 Richard mai sarautar York ya tono sunan ya laƙa wa kansa, lokacin da yake neman karagar da Henry na Shida ke kai, don a ga jininsa ya fi kusa da tushe. Siyasa ce tsagwaronta. Marubuta tarihi ne daga baya suka lulluɓe zuriyar kaf da sunan. Da aka fille kan Edward na Warwick, jikan Richard ɗin, a 1499, halattacciyar zuriyar maza ta gidan ta yanke.