Wa ya naɗa Keats sarkin mawaƙa?

A ɗakin da mawaƙin Ingila John Keats ya rasu a birnin Rum a watan Fabrairun 1821 babu ko kujera guda cikin kayan da ya yi jinya a kansu. Dokar garin a lokacin ta ce duk wanda tarin fuka ya kashe a ƙone kayansa, aka kuwa ƙone har da gadon. Murhun bango da silin mai zanen furanni ne suka rage. Tun 1909 gidan ya zama gidan tarihi, masu ziyara kuma sukan fito da tunanin cewa duniya ta yi makokin wani gwarzo. Ba ta yi ba. Saurayi ne ɗan shekara 25 da mujallun Blackwood's da Quarterly suka yi wa kaca-kaca a 1818, ko sunansa babu a kan dutsen kabarinsa, don shi ya nemi haka.

Gidajen tarihin mawaƙan Romantik irin su Keats sun iya nuna gashin kai da teburin rubutu. Inda suke da rauni shi ne nuna yadda aka ƙera sunan, alhali nan ne labarin yake. Kafin a yi nisa, lakabin Romantik ba ya nufin waƙar soyayya. Suna ne da 'yan baya suka laƙaba wa mawaƙan Ingila na wajen 1790 zuwa 1830, su kansu ba su kira kansu da shi ba, da yawansu ma ba sa ga-maciji da juna.

Yau makarantu na koyar da mutum shida: Blake, Wordsworth, Coleridge, Byron, Shelley da Keats. Littafin cinikin masu buga littattafai na zamanin zai ba da wani jerin daban. Byron kaɗai ne a ciki ya yi kasuwa ta gaske, don akwai littafinsa na 1814 da ya sayar da kwafi 10,000 ranar da ya fito. Sauran masu kasuwar su ne Walter Scott da Thomas Moore, sai Felicia Hemans, wadda aka yi ta haddace waƙoƙinta a makarantu har ƙarshen ƙarni na 19, sannan ƙarni na 20 ya share ta. Blake kuwa da hannunsa yake zana waƙa a farantin jan ƙarfe, ya zuba asid ya cinye gefen, ya buga, shi da matarsa Catherine su shafa launi kwafi bayan kwafi. Baje kolinsa na 1809 sharhi ɗaya tak ya samu a jarida, shi ma mahaukaci aka kira shi. Sai da tarihin rayuwarsa na Alexander Gilchrist ya fito a 1863 aka fara waiwayarsa.

Wanda ya riƙe takardun mamaci shi ke yanke hukuncin farko. Mary Shelley ta tace waƙoƙin mijinta, mawaƙi Shelley, a 1839, surukinta ya hana ta rubuta tarihinsa, sai ta cusa tarihin cikin bayanan da ta raka waƙoƙin da su, ta fito da shi mutum mai taushin zuciya fiye da ɗan tawayen da aka kora daga Oxford a 1811. Abokan Byron sun taru a ofishin mai buga masa littattafai, John Murray, a watan Mayun 1824, suka cinna wa tarihin da ya rubuta na kansa wuta don gudun abin kunya. Keats ya jira har 1848 kafin Richard Monckton Milnes ya fitar da tarihin rayuwarsa.

Sai maganar kuɗi, wadda ba kasafai ake son kawo ta kusa da waƙa ba. Dokar haƙƙin mallaka ta 1814 ta ba da shekara 28, ko tsawon ran marubuci in ya wuce haka. Muddin haƙƙin na hannu, littafi na da tsada. Doguwar waƙar Wordsworth ta 1814 sule 42 aka sa mata, kusan ladan leburan gona na wata guda. Amma kotunan lokacin ba sa kare littafin da suka ɗauka saɓo ne ko batsa ko tunzura jama'a. Sakamakon ya zo a juye: masu satar bugu suka cika kasuwa da Byron da Shelley a farashin talaka, ma'aikatan masaƙu suka karanta waɗanda hukuma ta ƙi, mai mutunci kuma ya zauna a kantar masu hali. Gidan tarihin da ya ajiye bugun asali mai bangon fata, bai ajiye ɗan ƙaramin bugun sata kusa da shi ba, rabin labari ya bayar.

Za a ce ai zinariya ko ta daɗe a ƙasa zinariya ce, kuma lokaci ya yi adalci. Akwai gaskiya a nan. Robert Southey ya riƙe muƙamin mawaƙin fada shekara 30, daga 1813 zuwa 1843, dogayen waƙoƙinsa kuma ba makirci ne ya binne su ba, nauyinsu ne. Waƙoƙin da Keats ya yi a 1819 sun cancanci inda suke. Sai dai cancanta ba ta buga littafi, kuma hujjar ba ta bayyana dalilin da ya sa aka ɗauki shekaru masu yawa ana jingina furannin daffodil na shahararriyar waƙar Wordsworth gare shi shi kaɗai, alhali ƙanwarsa Dorothy ta riga shi siffanta su a kundinta ranar 15 ga Afrilu, 1802.

Da a ce za a ba da akwatin gilashi guda a cika, littattafai biyu na 1820 sun isa, duka daga kamfanin Taylor da Hessey. Ɗaya na John Clare ne, leburan gona, wanda aka buga har sau huɗu cikin kusan shekara guda. Ɗayan na Keats ne, wanda kwafinsa suka yi shekaru ba su ƙare ba. A rubuta farashin kowanne da yawan bugunsa a ƙasa, a ƙara layi ɗaya: Clare ya rasu a gidan masu taɓin hankali na Northampton a 1864, bayan ya shafe fiye da shekara 20 a ciki.