Maciji a kwalba: dalilin da ya sa bai kamata gidajen tarihi su daina ba da aro ba

Bahaushe ya daɗe da bambanta aro da rance. Wanda ya ranci mudun gero zai biya da wani geron, kuma ba mai tambayarsa ina ainihin ƙwayoyin da aka auna masa, amma wanda ya ari fartanya, ita ɗin dai ake jira ya mayar, da ƙotarta da ruwanta. Wannan bambanci shi ne tushen duk wata taƙaddama da ake yi tsakanin masu binciken kimiyya da gidajen adana tarihin halittu, inda ake ajiye macizai da ƙadangaru da kunkuru da kwaɗi cikin kwalabe, wasu fiye da shekara ɗari. Gidan tarihin Smithsonian da ke birnin Washington kaɗai yana riƙe da irin waɗannan samfura sama da rabin miliyan. Kowane ɗaya yana ɗaure da lambarsa, kuma an rubuta inda aka kama shi da ranar da aka kama shi da sunan wanda ya kamo shi. Kwaɗon da aka kama a wani rafi a 1938 ba shi da madadi, domin ko an koma rafin yau an kamo ɗan'uwansa, ba za a iya komawa 1938 ba. Saboda haka ba a ba da rancen samfuri, sai dai a are shi.

Sharuɗɗan aron kusan iri ɗaya ne a manyan gidajen tarihi, kuma duk wanda ya karanta su zai ga tsoron asara a kowane layi. Ba a ba mutum aro da sunansa, hukumar da yake aiki a cikinta ake ba, ɗalibi kuwa sai malaminsa ya sa hannu ya ɗauki nauyi. Ana yanka wa'adi, galibi wata shida ko shekara guda. Ba a yarda a cire lambar da ke ɗaure a jikin dabbar ba, ba a yarda a tsaga ta ko a yanki tsoka ba sai da izini a rubuce, ba a kuma yarda wanda ya ara ya miƙa wa wani ba. Dabbar da aka fara ƙandarar da tsokarta da sinadarin fomalin, aka kuma adana ta cikin itanol mai ƙarfin kashi 70 cikin ɗari, ana fitar da ita ne a naɗe ta cikin ƙyalle mai laimar sinadarin, a rufe cikin leda biyu ko uku, saboda dokar jiragen sama ta ƙayyade yawan ruwa mai kama wuta da za a ɗauka. Samfurin asali kuwa, wato ainihin dabbar da aka duba aka raɗa wa jinsin suna, gidaje da yawa ba sa barin sa ya fita ƙofa, sai dai mai bincike ya yi tattaki ya same shi.

Ban ga laifin masu wannan tsoro ba. A 2017 jami'an kare iyaka na Ostareliya sun ƙona wasu tsofaffin samfuran tsirrai da gidan tarihin halittu na Paris ya aika aro zuwa jihar Queensland, bisa dalilin cewa takardun da suka rako kayan ba su cika ba. Tsirrai ne ba macizai ba, amma duk mai kula da ɗakin ajiya a duniya ya ji abin a jikinsa, domin kwalin da ya bar hannunsa yana ratsa hannun 'yan kwastam da kamfanonin aika saƙo waɗanda ba su san darajar abin da ke ciki ba.

Sai dai ajiye kaya a gida ma ba ya ba da tabbacin tsira. Ranar 15 ga Mayu, 2010, gobara ta tashi a Cibiyar Butantan da ke São Paulo a Brazil, ta cinye mafi yawan tarin macizanta, wajen 80,000, waɗanda aka shafe kusan ƙarni guda ana tarawa, kuma sinadarin da aka adana su a ciki shi ne ya zame wa wutar makamashi. Kafin nan, a 1978, gobara ta laƙume gidan tarihin Bocage da ke Lisbon, tare da samfuran asali na dabbobin Angola masu yawa. Abin da ya rage daga irin waɗannan tari shi ne abin da masana suka riga suka auna, suka zana, suka wallafa, da kuma ɗan abin da ya kasance a waje lokacin da wutar ta tashi. Samfurin da aka kulle ba wanda ya taɓa dubawa, idan ya ƙone, ya tafi da duk ilimin da ke jikinsa.

Ilimin nan kuwa ba ƙarami ba ne, kuma sau da yawa wanda ya kama dabbar bai taɓa tunanin tambayar da za a yi mata daga baya ba. A 1999 ne aka raɗa suna ga wani nau'in fumfuna mai kama fatar kwaɗi yana kashe su, wanda wani babban nazari na 2019 ya danganta shi da raguwar jinsuna 501, daga ciki har 90 ana jin sun ƙare ƙurmus. Da masana suka so sanin yaushe cutar ta fara, kwalabe suka koma wa. A 2004 Ché Weldon da abokan aikinsa sun gano ta a jikin wani kwaɗon ruwa da aka adana a Afirka ta Kudu tun 1938. A 2011 Tina Cheng da abokanta sun goga auduga a fatar tsofaffin samfura, ba tare da sun yanka su ba, suka bi sawun cutar daga Meziko a farkon shekarun 1970 zuwa Gwatamala, har ta isa Monteverde ta ƙasar Kosta Rika a 1987, inda aka yi wa shahararren kwaɗon nan mai launin zinariya ganin ƙarshe a 1989. Daga baya binciken ƙwayoyin gado ya karkata asalin cutar zuwa gabashin Asiya, amma jerin shekarun yaɗuwarta daga ɗakunan ajiya aka samo shi.

Mu ma abin ya taɓa mu kai tsaye. Shekara da shekaru ana ɗaukar kadan da ke kogunan Afirka ta Yamma a matsayin kadan Nilu, sai a 2011 Evon Hekkala da tawagarta suka nuna cewa jinsi ne daban, kuma cikin hujjojinsu har da DNA, wato ƙwayoyin gado, da aka ciro daga gawarwakin kadojin da Misirawan dā suka naɗe suka adana, waɗanda ke ajiye a gidan tarihi. Wanda ya fi wannan muhimmanci ga manomi shi ne batun kububuwa, wadda ake kira gobe-da-nisa, macijiyar da ke cika asibitin masu saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe duk damina. A 2018 Jean-François Trape ya ware waɗanda ke Chadi da Kamaru da sassan Najeriya a matsayin jinsi mai zaman kansa, ya kira shi Echis romani, kuma a shekarar ne wata tawagar masana, har da shi, ta raba gamsheƙar kurmi zuwa jinsi biyar. Irin wannan aiki ba ya yiwuwa sai an jera macizai da yawa daga wurare daban-daban an ƙirga ɓawon cikinsu ɗaya bayan ɗaya. Dafin macizai yana bambanta tsakanin jinsi da jinsi, saboda haka mai haɗa maganin dafi yana bukatar sanin ainihin macijin da yake tatsa.

A nan ne nake ganin tsarin aron ya yi wa masanin Afirka ƙunci. Yawancin samfuran asali na dabbobinmu suna Landan da Paris da Berlin, inda Turawan mulkin mallaka da matafiya suka kai su. Malamin jami'a a Zariya ko Yamai da ke son duba su yana da hanya biyu: ya nemi biza da kuɗin jirgi, ko ya nemi aro. Idan dabbar tana cikin jerin yarjejeniyar CITES ta 1973, wadda ke ƙayyade cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, kamar mesa da damo da hawainiya da kada, sauƙin da yarjejeniyar ta yi wa aro tsakanin masana yana aiki ne kawai idan hukumomin biyu suna da rajista, in ba haka ba sai an bi doguwar hanyar neman izinin fitarwa. Ko ba wannan, gidan da zai ba da aro yakan so ya san ko akwai ɗakin ajiya na dindindin da ma'aikacin da zai riƙa duba kwalabe. Waɗannan tambayoyi suna da ɗaci, musamman ga wanda daga ƙasarsa aka kwashi dabbar, amma ba na jin rashin adalci ne a yi su, ganin yadda zafi irin namu ke busar da kwalbar da murfinta bai kamu ba cikin ɗan lokaci.

Wasu na cewa hoto ya raba gardama. Gaskiya ne shirin oVert, wanda gidan tarihin Florida ya jagoranta daga 2017, ya ɗauki hoton cikin jikin samfura sama da 13,000 da na'urar CT ya ɗora a intanet kyauta, kuma ɗalibi a Kano zai iya juya ƙoƙon kan maciji a kwamfutarsa ba tare da ya cike takardar kowa ba. Wannan ya rage bukatar aro sosai. Amma hoto ba ya ba da DNA, ba a kuma goga masa auduga a nemi ƙwayar cuta. Ina fargabar kada hoton ya zama uzurin da gidajen tarihi za su fake da shi su rufe ƙofar aro gaba ɗaya.

Abin da ya dace da manyan gidajen shi ne su ci gaba da ba da aro da sharuɗɗansu, su kuma sauƙaƙa wa masanan ƙasashen da aka kwaso dabbobin, ko da ta hanyar ɗaukar kuɗin aikawa ne ko gayyatar su su zo su duba. Namu ɓangaren ya fi nauyi, domin kayan aro ba ya rufe katara. Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife tana da gidan tarihin halittu, kuma babu abin da zai hana wata jami'ar Arewa ta ware ɗaki guda mai sanyi, da kwalabe masu murfin ƙwarai, da littafin rajista, da ma'aikaci na dindindin, sannan ta nemi rajistar CITES ta hannun ma'aikatar muhalli. Daga nan sai a sa sharaɗi cewa duk baƙon masanin da ya zo kamun macizai ko kwaɗi ya bar wani kaso na abin da ya kama a wannan ɗaki. Macizan da majinyata ke zuwa da su asibiti bayan sun kashe, da za a riƙa ɗaura musu lamba a rubuta ƙauye da kwanan wata a saka a kwalba, cikin shekara goma za a tara abin da masanan Landan da Paris ne za su riƙa rubuto takardar neman aronsa.