"Bari a tashi wasa"

Assalamu alaikum wa rahmatullah, 'yan'uwana masu kallon ƙwallo na Garwa da Marwa da Ngaundare, da duk inda wannan saƙo ya isa.

Duk shekara in 26 ga Yuni ta zagayo, shafukanmu na Facebook da WhatsApp kan cika da hoton Marc-Vivien Foé cikin rigar Zakunan Kamaru mai lamba 17. Bana ni ma na saka. Sai wani ƙanena da ba a ko haife shi ba a lokacin da Foé ya rasu ya ce, "Yaya, wai shi jinyar me ya yi?" Na ce masa zauna ka ji, ba daga gadon asibiti aka ɗauko labarin nan ba.

Ranar Alhamis ce da yamma, shekarar 2003, a filin Gerland na birnin Liyon a Faransa. Wasan kusa da na ƙarshe na Kofin Nahiyoyi, mu da Kolombiya, muna gaba da ci ɗaya da Pius Ndiefi ya zura. Mun cunkushe a wani shago nan Yelwa, talabijin ɗaya, zufa kamar an watsa mana ruwa. A minti na 72 Foé ya faɗi a da'irar tsakiyar fili, babu wanda ya taɓa shi, babu ma kowa kusa da shi. Wallahi ban manta ba, wani a bayana ya yi dariya ya ce, "Wayo ne, lokaci yake cinye mana." Muka taya shi dariya. Likitoci sun yi kusan minti 45 suna ƙoƙarin tayar da zuciyarsa, Allah bai nufa ba. Shekararsa 28. Binciken gawa ya nuna kaurin tsokar zuciya ne, cutar da kan ɓuya a jikin mutum yana gudu yana tsalle, kowa na yaba ƙarfinsa.

Kuma wane ƙarfi! Dogo ne, ƙaƙƙarfa, wanda ya ci kofin Afirka sau biyu, a 2000 da 2002, ya ci gasar Faransa da Lens da kuma Lyon, har Manchester City ta jingine lamba 23 da yake sawa a can saboda shi. Yana yaro ma ya taka leda a nan Garwa, a Union, kafin sunansa ya fito a Canon ta Yawunde. Bayan kwana uku aka buga wasan ƙarshe ba shi, Faransa ta ci, kyaftin ɗinta Marcel Desailly da namu Rigobert Song suka ɗaga kofin tare, kowa ido jajir.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan wata kalma ce da ke bakinmu mu 'yan kallo. Ladan ya kira magariba, ana tsakiyar wasa, wani ya taɓa ka ya ce salla, sai ka ce, "Bari a tashi wasa." Na faɗe ta ba adadi, kada wani ya zaci daga kan mumbari nake magana. Saura minti ashirin ne fa, in ji mu. To Foé saura minti goma sha takwas gare shi a agogon alƙalin wasa. Samuel Okwaraji na Najeriya, ranar 12 ga Agusta 1989 a filin ƙasa na Legas, ana karawa da Angola, a minti na 77 ya faɗi, yana da shekara 25. Patrick Ekeng, ɗanmu, shi ma tsohon ɗan Canon, ranar 6 ga Mayu 2016 aka sako shi canji a wasan Dinamo Bukares a Romaniya, minti bakwai kacal ya yi a fili ya faɗi, rai ya yi halinsa. Duka ukun babu wanda ya ji usur na tashi. Su da ke cikin filin ke nan, masu likitan ƙungiya a gefe. Kai da ke kan benci a gidan kallo, wa ya rubuta maka takarda cewa za ka kai minti 90?

Allah Ya ce a ƙarshen Suratu Luƙman, rai bai san abin da zai aikata gobe ba, kuma rai bai san a wace ƙasa zai mutu ba. Duba fa: ɗan Yawunde, ajalinsa na jiransa a Liyon, wani ɗan Yawunden, a Bukares. Da ƙafafunsu suka hau jirgi, da murna, dangi na raka su da addu'ar samun arziki. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ni'imomi biyu ne mutane da yawa ke tafka asara a cikinsu: lafiya da sararin lokaci. Ban ce kallon ƙwallo haramun ne ba, wannan hukunci na malamai ne, ni ɗalibi ne. Amma magariba raka'a uku ce, lokacinta ƙanƙane, ba ta jiran ƙarin lokaci balle bugun fanareti.

Akwai wanda ya ji usur ɗin tashi, kuma labarinsa ya fi ci mini rai. Albert Ebossé, ɗan Duwala, wanda ya taɓa sa rigar Coton Sport tamu. Shi ya fi kowa cin ƙwallaye a gasar Aljeriya a kakar 2013 zuwa 2014. Ranar 23 ga Agusta 2014 a Tizi Ouzou, ƙungiyarsa JS Kabylie ta sha kashi biyu da ɗaya a hannun USM Alger, kuma shi ne ma ya ci musu ɗayan. 'Yan kallo suka fusata, aka shiga jifa. Ya rasu da rauni a ka, yana da shekara 24. Hukuma ta ce abin da aka jefo ne ya same shi, binciken da iyalinsa suka sa aka yi daga baya ya ce duka ne. Ko wanne ne, uwa ta rasa ɗa a kan wasan da ba mai tuna makinsa yau. Mu ba mu yi jifa ba, alhamdulillahi. Sai dai ku saurari bakinmu in ɗan wasa ya ɓarar da ƙwallo: a zagi uwarsa, a tsine masa, wani har ya ce Allah Ya karya ƙafar, don kawai takardar cacarsa ta lalace. Ranar da ya mutu kuma mu ne kan gaba wajen saka hotonsa da alamar hawaye.

Wani zai ce ai yawancinsu ba musulmi ba ne, me ya dame mu. An taɓa wucewa da gawa Annabi ya miƙe tsaye, aka ce masa ai ta Bayahude ce, sai ya ce, "Shin ba rai ba ne?" Makomarsu tana wurin Allah. Darasin kuwa namu ne, tunda mu muke da sauran numfashi. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku kuma ƙannena masu buga ƙwallo a filayen unguwa cikin zafin Maris da Afrilu na Garwa, in kana jin ƙirji na riƙewa, ko jiri, ko ka taɓa suma a fili, je a duba maka zuciya, ba ragwanta ba ce. Christian Eriksen ya faɗi irin wannan faɗuwa a 2021, aka yi masa gaggawa da na'urar farfaɗo da zuciya, Allah Ya tashe shi har ya koma wasa. Riƙo da sababi yana cikin tawakkali.

Jiya na yi magana da mai gidan kallon da nake zuwa. Na ce, "Alhaji, tabarma biyu da buta uku nawa za su ci?" Ya yi dariya ya ce in kawo tabarmin, butocin nasa ne, ruwa kuma akwai a randa. Ranar Asabar akwai wasan yamma da zai ci magariba. Tabarmin na bayan shago, gefen injin wuta, kuma duk wanda ya fi mu karatu shi zai ja mu.