Kada Mu Yi Wa Halittar Allah Ƙazafi

Assalamu alaikum 'yan uwa.

A shekarar 1866 wani likita a Ingila, John Langdon Down, ya rubuta bayanin yara masu lalurar da daga baya aka sa wa sunansa, lalurar Down, waɗanda yake kula da su a gidan masu raunin hankali na Earlswood. An shaide shi da tausayinsu. Amma Turawan zamaninsa sun yi imani cewa 'yan Adam hawa-hawa ne, farar fata a sama, saura a ƙasa. Da ya dubi idanun yaran, sai ya ce sun ɗauko kamannin mutanen Mongoliya, ya laƙaba musu wannan suna. Haka girman kan al'umma ya shige littafin likita, aka yi kusan shekara ɗari ana karantar da shi da sunan ilimi. Sai a 1959 masana a Faransa suka gano cewa sanadin lalurar shi ne ƙarin kuromosom guda (abin da ke ɗauke da gadon halitta a ƙwayoyin jiki), 47 maimakon 46, kuma babu ƙabilar da ba a haifar irin waɗannan yara.

Na Amurka ya fi muni. A 1927 Kotun Ƙoli ta amince a yi wa wata budurwa mai suna Carrie Buck aikin hana haihuwa bisa tilas, wai raunin hankali ta gada. Alhali marainiyar wayonta ce, talaka, fyaɗe aka yi mata ta samu ciki. 'Yar da ta haifa ma ta yi ƙoƙari a makaranta. Fiye da mutum 60,000 aka yi wa wannan zalunci a ƙasar. Subhanallah!

To mu fa? Mu da muke ce wa yaro ɗan ruwa ko dolo, mu ɓoye shi a ɗaka idan baƙi sun zo, mu ɗora wa uwarsa laifi? Allah Ya ce: "Lalle Mun karrama 'ya'yan Adam." Bai ce masu kaifin basira kaɗai ba. Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mata mai taɓuwar hankali ta ce wa Annabi (SAW) tana da buƙata gare shi. Ya kira ta da alkunya, ya ce ta zaɓi hanyar da take so, ya tsaya da ita har ta gama.

'Yar uwa, idan Allah Ya ba ki irin wannan yaro, ki kai shi asibiti a duba zuciyarsa tun yana jariri, don kusan rabin masu lalurar Down da ciwon zuciya ake haifarsu. In ya tasa, a sa shi makaranta tare da 'yan uwansa.